Fiɗa ba da Wuƙa ba: Haɗurran Ƙona Sankarar da ta Yaɗu Zuwa Ƙwaƙwalwa



Sankarar huhu, da ta nono, da ta ƙoda, kowacce takan bi jini ta yada zango a ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙar irin wannan ƙari ita ce dabarar da Lars Leksell, likitan ƙasar Suwidin, ya bayyana a 1951, watau a harba siraran haskoki masu ƙuna daga kusurwoyi da yawa, su haɗu a kan ƙarin kaɗai. Na'urarsa, Gamma Knife, ta soma aiki a Stockholm a 1968. Ana kiran aikin fiɗa, alhali ba a yanka ko'ina; wannan suna kan sa majiyyaci ya zaci babu haɗari. To, kowane allazi da nasa amanu.

Da fari akwai matsalolin kwanakin farko: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, wani lokaci har farfaɗiya. Mafarinsu galibi kumburin naman da ke kewaye da ƙarin ne, kuma maganin dexamethasone yakan saukar da shi.

Wadda ta fi tsanani ita ce mutuwar naman da hasken ya ƙona. Takan ɓullo bayan wata 6 zuwa shekara 2, kuma a hoton MRI tana kama da ƙarin da ya dawo, har likita ya rasa bambancewa. Gwargwadon girman ƙari, gwargwadon haɗarinta. Saboda haka an fi yi wa wanda bai wuce santimita 3 ba aiki a zama ɗaya, wanda ya fi haka a rarraba masa zama 3 zuwa 5.

Mazaunin ƙarin ma abin lura ne. Jijiyar gani ba ta jure haske mai ƙarfi. Idan ƙarin yana maƙwabtaka da ita, garin neman gira ana iya rasa ido.

Daɗin daɗawa, wurin da aka auna kaɗai ake ƙonawa, don haka sabon ƙari yana iya tsirowa a wani sashe. Wajibi ne a riƙa ɗaukar hoto duk wata 2 ko 3. Duk da haka, wannan hanya ba ta kai haska ƙwaƙwalwa ɗungurungum jawo mantuwa ba.

Abin da ya kamaci majiyyaci da danginsa shi ne su tambayi girman ƙarin, da mazauninsa, da kuɗin hotunan da za su biyo baya, tun kafin a sa hannu a takarda. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.