Mudu Ɗaya Ga Duniya Duka: Gasar Prefontaine Da Tarihin Da Ake Kafawa A Cikinta

  

Yau zancenmu na gudu ne. A ƙasar Amurka, cikin jihar Oregon, akwai wani gari da ake kira Eugene, yana da filin wasa mai suna Hayward. Nan ake yin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta shekara-shekara wadda ake ce wa Prefontaine Classic. Sunan wani saurayi ne gwanin gudu, Steve Prefontaine, wanda ya mutu a hatsarin mota a 1975 yana da shekara 24, aka raɗa wa gasar sunansa a shekarar. Tun 2010 tana cikin jerin manyan gasannin da ake kira Diamond League, inda gwanayen duniya ke haɗuwa.

Abin da ya sa sunanta ke yawo a 'yan shekarun nan shi ne yawan tarihin duniya da ake kafawa a filin, kuma galibi matan Afirka ke kafa shi. A Satumban 2023, Gudaf Tsegay 'yar Habasha ta yi gudun mita 5,000 cikin minti 14 da ɗan ɓurɓushin daƙiƙa, 14:00.21. A watan Mayun 2024, Beatrice Chebet 'yar Kenya ta yi mita 10,000, wato kewaya fili sau 25, cikin 28:54.14. Ita ce mace ta farko da ta sauko ƙasa da minti 29. Ranar 5 ga Yulin 2025 kuma ta dawo ta ƙwace na Tsegay da 13:58.06, mace ta farko ƙasa da minti 14. A wannan yinin dai, Faith Kipyegon, ita ma 'yar Kenya, ta yi mita 1,500 cikin 3:48.68, ta karya tarihin da ita da kanta ta kafa a Faris.

Ku auna da kanku. Mai tafiyar ƙasa da ƙarfinsa, ba kaya a kai, yana cin kilomita biyar a awa guda. Chebet ta cinye su kafin a kammala dafa shayi.

To, ga tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: wa ya auna, kuma da wane mudu? Kun fi kowa sanin cewa tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba, kuma buhun da aka cika a ƙetare in an juye shi a gida wani lokaci sai ya rage. Tarihin duniya kuwa ba ya karɓuwa sai an auna shi da mudu ɗaya, ko a Amurka aka yi shi ko a Maroko. Kewayen fili mita 400 ne cif. Agogon ba na hannu ba ne, yana tashi tare da ƙarar bindigar farawa, kyamara kuma na ɗaukar lokacin da ƙirjin mai gudu ya taɓa layi. Kipyegon ba ta rage ko rabin daƙiƙa daga tsohon tarihinta ba, amma na'ura ta gani, aka rubuta. Haka kuma a 2023 Jakob Ingebrigtsen ɗan Nowe ya yi gudun mil ɗaya a wannan gasa cikin 3:43.73, ya gaza cim ma Hicham El Guerrouj ɗan Maroko, wanda ya yi 3:43.13 tun 1999. Abin da ya raba su bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ba a yi masa gyara ba. A wannan kasuwa babu “ƙara mini kaɗan”.

Har iska ana aunawa. A gajeren gudu da dogon tsalle, idan iskar da ke tura mutum ta baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa, ba a lissafa abin da ya yi cikin tarihi. Wannan ya faru da 'yar Najeriya, Tobi Amusan, a wannan fili na Hayward, ko da yake ba a gasar Prefontaine ba, a gasar cin kofin duniya ce ta Yulin 2022. A zagayen kusa da na ƙarshe na gudun tsallake shinge mita 100 ta yi daƙiƙa 12.12, ya zama tarihin duniya. A zagayen ƙarshe ta fi haka sauri, ta yi 12.06, amma iska ta kai mita 2.5. Aka ba ta zinarenta, aka bar tarihi a 12.12.

Akwai taimakon da doka ta yarda da shi. A dogon gudu ana ɗaukar wani ya shige gaba yana ja wa sauran hanya, in ya kai inda aka yi da shi ya koma gefe. Faransawa na ce masa zomo. Yanzu har fitilu ake jerawa a gefen fili, suna gudu daidai da saurin tsohon tarihi, mai gudu na gani ko yana gaba ko yana baya. Amma fa zomo ba ya kai kowa layi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mudu na ƙarshe shi ne jikin mai gudun. Duk wanda ya kafa tarihi sai an gwada shi nan take don a ga ko ya sha ƙwayar ƙara kuzari, in ba haka ba hukumar wasannin ba ta tabbatar da shi. Wanda aka kama ana dakatar da shi shekaru, a karɓe lamba, suna ya ɓaci. Nan nake so matasanmu su buɗe kunne. Tiramol ɗin da wasu ke haɗiya don su jure bin shanu ko dakon kaya, tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa. Ƙarfin da ƙwaya ke bayarwa bashi ne, jiki ke biya.

Su waɗannan matan Kenya kuwa ba daga gidan daula suka fito ba. Yawancin gwanayen gudun ƙasar 'yan ƙabilar Kalenjin ne, mutanen tudu, waɗanda aka sani da kiwon shanu tun kaka da kakanni. Garuruwansu na bisa tsauni sama da mita 2,000, inda numfashi ke wuya, jiki ya saba da wahala. Kipyegon ba takalmi a ƙafarta ta ci gasar gudun daji ta matasan duniya a 2011. Ta haihu a 2018, ta dawo ta fi da. Abin da ta samu shi ne makarantar da ta sa ta tsere, da mai horarwa, da agogo na gaskiya.

Saboda haka in kana da yaro ko yarinya mai ƙafa, wanda maraƙi ba ya tsere masa, kada ka tsaya ga yabon 'yan ruga. Ka bar shi ya je makaranta, ya shiga wasannin makarantu, a auna shi a fili. Kada a rage masa shekaru a takarda, kada a ba shi ƙwaya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Nan za mu dakata. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya, ya kai kowa gida lafiya. Sai wani makon in Allah ya kai mu.