Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Cinye Masana'antun Kano?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bichi. Ya ce a da, daga garinsu kaɗai samari sukan cika mota zuwa aikin kamfani a Bompai da Sharaɗa, ga shi yau ɗansa ya je ya yi wata guda ya dawo hannu Rabbana. Yana tambaya me ya faru, kuma ko ya ci gaba da noman auduga.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Bompai ita ce uwa, tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a can. Daga baya, da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Masaƙu ne, da gidajen jima, da injinan matsar gyaɗa, da masu yin alewa da kwanon sha. Abin lura shi ne, yawancinsu da kayan gonarku suke aiki: audugarku, gyaɗarku, fatun awakinku.

Gyaɗa ce ta fara faɗuwa. Fari na 1973 da cutar da ta kama ta a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Amma babbar gaɓa ita ce 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Kafin nan dalar Amurka ba ta kai naira 2 ba, nan da nan ta haura naira 4, tun daga nan kuwa ba ta waiwayo ba, har ta wuce 1,500 a 2024. Ka ga mai kamfani daga waje yake sayo kayan gyaran inji da rini, kullum kuɗin sai ƙaruwa yake. A wannan shekara kuma aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi.

Sai maganar wuta. Inji ba ya jiran a kawo a ɗauke. In wuta ta tsaya zare na kan saƙa, an yi asara. Dole kowa ya koma janareta da man gas, ga baƙin man da ake samu daga matatar Kaduna ya yi wuya. Ana cikin haka aka buɗe ƙofa ga yadin waje, atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari, wata ta hanya, wata ta bayan gida. Kada mu ɗora wa ɗan kasuwa laifi duka. Mai saye ma arha yake bi, har da mu ɗin nan. Haka masaƙu irin su Gaskiya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. In ka zaga Bompai za ka ga ƙofofi sun yi tsatsa, wasu gine-ginen sun koma sito, ana jibge kayan da a da nan ake yin su.

Amma ba duka aka mutu ba. Gidajen jima na nan suna motsi a Challawa, ga masu robobi, ga injinan casar shinkafa da suka yawaita tun bayan 2015. An kuma fara shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano a 2020, wanda masu kamfani suka sa wa ido.

Game da auduga, Malam, shawararmu kada ka ba ta gona duka sai ka san wanda zai saya tun kafin shuka. Waken suya da riɗi sun fi samun mai tambaya a Dawanau. Shi kuwa yaro, in zai koma Kano, ya tafi da sana'a a hannu, kamar walda ko gyaran inji, don su ake fara ɗauka.

Allah Ya ba da damina mai albarka. Sai wasiƙa ta gaba.