Ruwanmu da Masuntanmu: Darasi Daga Kogunan Kan Duwatsu

 

Mai girma Sarkin Maska, shugaban wannan ƙungiya tamu mai albarka, malamai da dattawa, ƙannena da 'ya'yana da suka taso daga Kaduna da Kano da Abuja da Legas, barkanku da zuwa gida. An umurce ni da in yi magana a kan hanyoyin bunƙasa ƙasarmu. Noma da ilimi mun sha tattauna su, saboda haka yau zancen ruwa zan yi, kuma zan faro daga wata sana'a ta nesa kafin in gangaro gida.

A ƙasashe masu duwatsu da sanyi, irin su Sukotland da yammacin Amurka, akwai wani kifi da ake kira tirawut. Ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi, garai-garai, kuma da zarar zafin ruwan ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita. Wasu masu kama shi ba su sa tana ko gara a ƙugiya. Gashin tsuntsu suke ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci, sa'an nan su wurga ta da doguwar sanda mai lanƙwasa, ta sauka a kan ruwa a hankali. Mutum yakan baro birni, ya yanki lasisi, ya biya ɗan jagora kuɗin yini guda. Shi jagoran ya san gurbin da kifi yake laɓewa, da irin ƙwaron da yake tashi a kowane lokaci. Sau da yawa idan an kama kifin sai a zare ƙugiya a mayar da shi ruwa da ransa. Ashe ke nan abin da baƙo ya biya shi ne sanin masunci da tsabtar kogi.

Sana'ar ta iso Afirka. A 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka kawo tirawut Kenya, aka zuba a kogin Gura da ke duwatsun Aberdare, kuma har yau ana zuwa kamun sa. A ƙasar Lesoto, mutanen ƙauyen Makhangoa da ke bakin kogin Bokong suna samun kaso daga kuɗin da baƙi suke biya, wasunsu kuma an ɗauke su aikin gadin kogin. Kifi guda yana iya kawo musu kuɗi sau da dama, tunda ba a kashe shi ba.

Jama'a, ruwanmu yana da ɗumi, tirawut ba zai zauna a cikinsa ba. Amma Allah bai bar mu haka ba. Kogin Sakkwato daga nan yankin Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Muna da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, muna da rafuka da tafkuna masu tarwaɗa da karfasa, muna kuma da masunta waɗanda suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni.

To, yaya muka riƙe wannan amana? Wasu suna zuba maganin ƙwari irin su gamalin a ruwa, su kashe babba da ƙarami, su sayar wa mutane guba, alhali tun 2009 yarjejeniyar Stockholm ta haramta amfani da sinadarin a aikin gona. Wasu sun mayar da gidan sauro koma, ba ya barin ko ɗan tsako. Mun sare itatuwan gaɓa, mun yi huɗa har bakin ruwa, damina tana kwashe ƙasar gona tana cike rafuka. Ɗan masunci kuwa, da ya ga sana'ar ba ta ciyar da gida, sai ya tafi birni acaɓa, sanin ubansa ya bi uban kabari.

Shawarata uku ce. Na farko, ƙungiya ta zauna da hakimi da dagatai da sarakunan ruwa, a hana kamu a farkon damina lokacin da kifi yake ƙwai, a hana guba da koma mai ƙananan idanu. Na biyu, kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin dashen itatuwa a gaɓar rafi guda, da ladan mai kula da su. Na uku, duk wanda ya zo Salla ko hutu ya ware yini guda, ya ɗauki 'ya'yansa, ya nemi masunci ya kai su ruwa da fatsa, ya biya shi lada mai tsoka kamar yadda yake biyan malamin darasi, a kuma mayar da ƙananan kifaye ruwa.

Na san matsalar tsaro da ta addabi kudancin Katsina ba za ta bar baƙo na nesa ya zo da wuri ba, kuma wajibi ne a nemi shawarar hukuma kafin a fita. Shi ya sa na ce mu ne za mu zama baƙin farko. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan masunci ya ga saninsa yana kawo kuɗi, da kansa zai tsare ruwan, ya kuma koya wa ɗansa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ja zamanin Sarki, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.