Abincin Salla Da Lafiyar Iyalinmu

Ga Babbar Salla ta ƙarato, kowa na ta shirin rago da ɗinki. Ni kuwa yau kan tukunya nake so mu tattauna, domin abin da ke shiga cikinta shi ne ke shiga jikinmu.

Kowa ya san yadda kwanakin Salla suke a gidajenmu. Da safe waina, da rana soyayyen nama, da yamma cincin da alkaki da lemon kwalba. Bayan kwana uku sai ka ji ana cewa Baba kansa na sarawa, Inna jiri na ɗibarta, yara kuma cikinsu ya ɓaci. Wanda ke da hawan jini ko ciwon sukari, a irin waɗannan kwanaki ne cutarsa kan tashi, kuɗin da za a sayi taki da su sai su tafi asibiti.

Ba cewa nake yi a daina abincin Salla ba. Abubuwa uku kawai nake roƙo mu rage: mai, gishiri da sukari. Abin da za mu maye gurbinsu da shi kuwa yana nan a gonakinmu da bayan ɗakunanmu.

Mu fara da mai. Mun saba a soye naman layya gaba ɗaya, a jera shi cikin kitse, a yi ta ci har wata ya ƙare. Kitsen dabba idan ya yi yawa yana ƙara maiƙo a cikin jini, a hankali ya cushe hanyoyinsa, zuciya ta wahala. To, a raba naman kashi-kashi. Wani a yi farfesu da citta da tafarnuwa da masoro, a bar romon ya huce a kwashe kitsen da ya taru a sama. Wani a gasa, amma kada a bari ya ƙone ya yi baƙi. Wanda za a ajiye a yanka shi falle-falle, a shanya inda ƙuda da ƙura ba za su same shi ba. Idan suya ta zama dole, a yanke kitsen tukuna, kuma kada a yi ta maimaita suya da man da ya riga ya yi baƙi. Sa'an nan a tuna da maƙwabci da maraya. Naman da ka bayar lada ne gare ka, kuma sauƙi ne ga cikinka.

Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin ɗunkulen magi, domin kusan rabin ɗunkulen gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da jini. Iyayenmu mata, a koma wa daddawa da albasa da kimba da kanumfari, su za su ba miya ɗanɗano, gishiri kuwa kaɗan ya isa. Yajin da ake dangwala nama da shi ma a rage masa gishiri da magi.

Na uku, sukari. A shekarar 2015 wannan hukuma ta ba da shawara kada sukarin da babba zai sha a yini ya wuce kimanin cokali 12, in ya tsaya a cokali 6 ya fi kyau. Ku sani, kwalbar lemo ɗaya kan ƙunshi kusan cokali 9. Wanda ya zaga gida uku yawon Salla, ya sha kwalba ɗai-ɗai, ku yi lissafin da kanku, ai mun koyi tarawa a aji. Maimakon haka a yi wa baƙi zoɓo da citta, ko kunun aya, ko kunun tsamiya, ko fura da nono, da ɗan zaƙi kaɗan. Zoɓo yana taimakawa wajen sassauta hawan jini, amma kada wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi ya ce zoɓo ya ishe shi. Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma da dabino da mazarƙwaila duk zaƙi ne, sai da ƙiyasi.

Yara kuwa, idan sun zo barka da Salla, a haɗa musu da gyaɗa, ko lemon zaƙi, ko gwanda, ko kankana, gwargwadon abin da damina ko rani ya kawo. Cincin da alawa a ba su kaɗan.

Wani zai ce, "Malam, in na kawo wa baƙo kwaɗon zogale ranar Salla, ai sai a ce rowa nake yi." Amsata ita ce, a ajiye zogalen kusa da naman. A yi waina da miyar taushe mai kabewa da alayyafo da yawa. A yi dambu da rama. Wanda ya samu acca ko gero, tuwonsu ya fi na farar shinkafa riƙe ciki. A faranti, ganye ya fi nama yawa. Baƙo zai ƙoshi, ya tafi yana sa albarka.

Daga ƙarshe, duk wanda ya haura shekara arba'in, ya daure ya je ɗakin shan magani mafi kusa a auna masa jini kafin Salla. Hawan jini kan daɗe a jikin mutum bai sani ba, awon kuma ba ya ɗaukar lokaci.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan gida, domin ludayin yana hannunsu. Allah ya kai mu Salla lafiya, ya maimaita mana.