Ranar da Sule Ya Rasa Kwabo Biyu



An ce in zaɓi rana guda daga cikin labaran da suka shige in yi magana a kanta. Na zaɓi Litinin, 1 ga Janairun 1973. Waɗanda suka yi furfura a zauren nan har sun fara murmushi, don sun san ranar da naira da kwabo suka karɓi kasuwa daga hannun fam da sule ke nan.

Ga matasa, bari in ɗan shimfiɗa muku tabarma. A lokacin Janar Yakubu Gowon ke mulki, Alhaji Shehu Shagari ke riƙe da ma'aikatar kuɗi ta tarayya, mu kuma a nan Malumfashi muna Jihar Arewa ta Tsakiya, hedikwatarmu Kaduna. Jihar Katsina sai 1987. Wata tara kafin sauyin kuɗin an mayar da motoci tuƙin hannun dama, jama'a ba su gama sanin gefen da za su duba kafin su tsallaka titi ba, sai ga shi an taɓa aljihu.

A takarda lissafin ba wuya. Fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya, sule ɗaya kwabo goma. To, nan gizo ke saƙa. Tun da aka haifi kakata ta san sule kwabo goma sha biyu ne. Tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, ni ne ɗan aikenta, kuma ni ne ɗan boko, saboda haka a kaina shari'ar ta faɗo. Ta ce, "Kai ɗan nan, jiya goma sha biyu, yau goma. Biyun wa ya ci?" Na ce, "Iya, sabon kwabon ya fi tsohon daraja." Ta jujjuya shi a tafin hannu, ta ce wannan da ko huji babu ne zai fi? Domin tsohon kwabo da hujinsa a tsaka, ka zura zare ka ɗaure abinka. Har Allah Ya karɓi ranta, hukuncinta bai sauya ba: gwamnati ta ci mata kwabo biyu a kowane sule.

Ba ita kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba. Sisi ya tsira da mutuncinsa, ya zama kwabo biyar cif. Taro ya koma kwabo biyu da rabi, nai kwabo bakwai da rabi. Ahu kuwa, wato tsohon kwabo ɗaya da rabi, ya faɗa kan kwabo ɗaya da kwata, kuma ba a buga silin kwata ba. Duk mai bin wani ahu a ranar nan, sai dai ya bar wa Allah.

Ku tuna kuma watan Janairu ne, tsakiyar cinikin auduga. Manomi ya ɗauro mankala a kan jaki, an auna, auduga za ta wuce gidan gurza na BCGA, Bisije a bakinmu, nan ko Funtuwa. Malamin sikeli ya ce masa naira ashirin, ransa ya yi fari, ya zaci bana an ninka farashi. Sai ya shiga kasuwa ya tarar fam gomansa ce ta bara, an dai sake mata riga.

Abin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi yi mini ciwo, shi ne zanen da ke bayan sababbin silallan. An raba wa arziƙin ƙasa muƙamai. Gyaɗa ta hau kwabo ashirin da biyar, kwakwar manja kwabo goma, koko kwabo biyar, rijiyar man fetur kwabo ɗaya. Audugarmu fa? Rabin kwabo. Mafi ƙanƙantar kuɗi a ƙasar, wanda tun ba a je ko'ina ba yara suka daina sunkuyawa su ɗauka. Ban ce masu zanen sun yi duba ba, amma wanda ya san yadda masaƙun Kaduna suka ƙare zai yi shiru. Fetur ɗin da aka ba kwabo ɗaya tal, kafin shekarar ta fita farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, ya danne su gyaɗa gaba ɗaya.

Jarida guda ta ci ribar ranar ba tare da ta motsa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ba ta buƙaci sauya suna ba. Tunda kwabo goma na yau ya tsaya a madadin goma sha biyun jiya, sai mu ce a dare ɗaya darajar gaskiya ta ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Ban ji an sake yi mata ƙari ba tun lokacin.

A waje, a wannan Litinin ɗin ce Ingila ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, wadda ta fice daga cikinta a 2020. Ita ta kawo mana fam da sule, ta yar da sulenta tun 1971, ta bar mu riƙe da shi kamar amanar maraya.

Kuma har gobe muna riƙe. Ku je kara ranar kasuwa ku saurari dillalai. Jaka fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu, kuma har yau in tsoho ya ce jaka biyar, dubu ɗaya yake nufi. Wanda aljihunsa ya bushe ba ya cewa ba ni da naira, cewa yake ko sisi, ko taro, ko anini. Hukuma ta sauya kuɗi a rana guda, harshe ya shekara hamsin yana cewa sai ya yi shawara.

Da shekara hamsin ɗin ta cika, a farkon 2023, bayan an sake wa ɗari biyu da ɗari biyar da dubu fenti, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Na tsaya layi wajen mai POS, ya cire ladansa a kowace dubu, na ƙirga abin da ya miƙo mini. Sai na ji bakina yana tambayarsa, saura wa ya ci?