Mai shanyewar jiki: kada a bar shi kwance

Wani majo na likita ya yi jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci bisa ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ga abin da ya faɗi.

Ya ce wani lokaci jijiyar jini takan fashe cikin kai, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Yawanci hawan jini ne, wato tansiyo, ke kawo haka. In jinin ya zuba a hagu, dama ce ke shanyewa, sau da yawa har magana ta ɗauke. A kai mutum asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin, don tana ƙara zubar jinin.

Majo ya ce babban kuskuren dangi shi ne su shimfiɗa ma maras lafiya tabarma, su ce sai ya warke zai tashi. Tausayi ne, amma kwanciyar na kawo gyambo a baya, gaɓoɓi su sandare. Ranar farko dai a bar shi ya huta. Da lokotoro ya ba da izini, sai a soma, kaɗan-kaɗan.

A riƙa juya shi kowace awa 2. A miƙe masa hannu da ƙafar da suka shanye, a lanƙwasa a hankali, yatsa bayan yatsa. Kada a ja shi ta hannun nan in za a tashe shi, kafaɗa na iya gocewa. Ya fara koyon zama, sannan tsayuwa, sannan taku da mutum a gefensa. A zaune zai ci abinci. In ruwa na sarƙe shi, a gaya wa lokotoro. Kunu mai kauri ya fi sauƙin haɗiya.

Hankali ma yana son motsi, in ji shi. A tambaye shi: yau wace rana? Yaushe kasuwa ke ci? Ya faɗi sunayen ɗiyansa, ya ƙirga dala-dala. In kalma ta maƙale, a jira shi, kada a yi masa dariya ko a amsa a madadinsa. Wanda ya yi karatu a cibiya, a kawo masa allonsa da alli.

Wata ɗaliba ta ce mijinta ya yi wata 1 kwance, ko lokaci ya wuce? Majo ya ce a'a. An fi samun sauƙi cikin wata 3 na farko, amma ana ci gaba da samu bayan nan. Ya ce ta kawo shi likita a auna tansiyonsa, a gwada mata yadda za ta riƙa motsa shi a gida.