Ba Son Jiki Ba Ne: Amosanin Gaɓɓai a Jikin Matasa

Yau labarin ƙanwata zan ba ku.

Tana da shekara 14 yatsunta suka fara ƙagewa da safe. Ko biro ba ta iya riƙewa sai hantsi ya yi. Mu kuwa a gida, wallahi cewa muka yi son jiki ne, gudun wanke-wanke take yi. Da gwiwarta ta kumbura aka ce sanyi ne, aka yi ta shafa man zafi. Haka muka ɓata wata biyar.

Da muka je asibiti, likita ya tambaye ta: yaushe ciwon ya fi tsanani, kuma motsi na rage shi ko ƙara shi? To, nan bambancin yake. Targaɗe ko gajiya, hutu ke sauƙaƙa su. Wannan kuwa hutu ke ƙage gaɓar, motsi ya sake ta.

Likitoci na kiran sa JIA, wato kumburin gaɓa da ya fara kafin shekara 16, ya kai aƙalla mako 6, kuma ba a samu wani dalilinsa ba. Garkuwar jiki ce ke kai wa gaɓar hari.

Babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Sai an fara kawar da sauran cututtuka: sikila, tarin fuka na ƙashi, ƙwayar cuta a cikin gaɓa, zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya taɓa zuciya, har da kansar jini. Gwajin ESR da CRP na nuna kumburi, amma suna iya fitowa lafiya ƙalau alhali cutar na nan. Da gwajin RF ya fito babu komai, Umma ta ce alhamdulillahi, ba shi ba ne. Likita ya ce, "Hajiya, yawancin yaran da ke da shi haka nasu ke fitowa."

Ya kuma tura mu wurin likitan ido, domin cutar kan kumbura cikin ido ba tare da zafi ko ja ba, har ta lalata gani.

Yanzu tana kan magani, ta koma makaranta. Amma yatsa ɗaya ya riga ya lanƙwashe, kuma duk na gan shi sai na tuna wata biyar ɗin nan.

In ƙaninka ko ƙanwarki na tashi da gaɓa a ƙage ko a kumbure har makonni, ku kai su asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai shiri na gaba.